Ɗan layin can ƙasa da ban karanta ba

Ƙannena masu shirin ɗora Linux a gefen Windows, bari in ba ku labarin yadda na kusa yi wa yayana asarar kwamfuta, ko kwa tsallake ramin da na faɗa.

Kwamfutar tasa ce, Windows 7 ke kai, ni aro nake yi. Sai na yi wa kaina dabara: in ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a kan diskin waje mai USB, yadda ko kusa da fayilolinsa ba zan je ba. Na raba fatishan, wato sassan da ake yanka diski, a diskin nawa, na duba sau uku, na ji daɗin kaina. Can ƙasan shafin akwai wani ɗan layi mai tambayar inda za a ajiye but loda, an riga an cika shi da /dev/sda. Ko kallo bai ishe ni ba, na danna gaba.

But loda shi ne ɗan aiken da ke karɓar kwamfuta daga hannun BIOS, manhajar da ke fara tashi a cikinta idan an kunna ta, ya miƙa ta ga tsarin da aka zaɓa. Wanda yawancin Linux ke zuwa da shi sunansa GRUB. A tsohon tsari, farkon diski yana da wani ɗan gurbi mai bayit 512 da ake kira MBR, kuma 446 ne kawai a ciki rabon but loda. GRUB ba ya shiga wannan ɗan wuri gaba ɗayansa, sai ya ajiye kansa a can, gangar jikinsa kuwa tana cikin fatishan ɗin Linux. To sda diskin yayana ne. Kenan kai na cikin kwamfutarsa, jiki na cikin aljihuna.

Daren nan komai lafiya lau, tunda diskin na jone. Da safe na zare abina na fita. Da na dawo na tarar da shi zaune gaban baƙin sikirin, ba komai sai grub rescue da ɗan layi na ƙyafta ido. Bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Cewa kawai ya yi, "Kai, me ka yi mata?" Na ce, "Yaya, wallahi ban taɓa diskinka ba." Kuma har zuciyata haka na ɗauka. Garin neman gira na kusa rasa ido. Sai da na nemo faifan Windows, na shiga wurin gyara na buga bootrec /fixmbr, sannan ta tashi. Ko fayil ɗaya bai ɓata ba, amma wata guda bai sake ba ni aro ba.

Saboda haka idan kun zo wannan layin, ku tsaya. Kada ku dogara da harafi, domin wanda yake sdb yau yana iya zama sdc gobe. Ku dubi girman diskin da sunan da ke gefensa. Idan diski biyu ne kuma wanda ba kwa son taɓawa yana ciruwa, ku cire shi kafin ku fara, ya fi kwanciyar hankali.

Kuskure na biyu a kan tawa kwamfutar na yi shi, lokacin ina jin na ƙware. Sabuwa ce, mai UEFI, wato sabon tsarin da ya gaji BIOS. Na sa filashin da ke ɗauke da Linux, na buɗe jerin abin da za a tashi da shi, sai ga sunan filashin sau biyu, ɗaya da UEFI a gabansa, ɗaya babu. Na zaɓi gajeren, don kawai shi ne a sama. Wannan zaɓin na daƙiƙa ɗaya shi ya yanke komai, domin yadda filashi ya tashi haka tsarin zai zauna. Windows na UEFI, Linux na tsohon tsari, kuma GRUB ɗin da ya tashi a tsohon tsari ba ya iya tada Windows mai UEFI. Kwana biyu na yi ina sauye-sauye a fayil ɗin saiti, alhali ba can matsalar take ba. Dubawar kuwa ba ta kai minti ɗaya: a Windows ku buga msinfo32, zai nuna muku yanayin BIOS ɗinku. A Linux na kan filashi ku duba ko akwai /sys/firmware/efi. In babu, a tsohon tsari kuka tashi, ku kashe ku sake.

A UEFI babu kokawar bayit 446. Akwai ƙaramin fatishan na FAT32, sau da yawa megabayit 100 idan Windows ne ya yi shi, kowane tsari da jakarsa a ciki. Ku nuna wa mai girkawa shi, amma kada hannunku ya kai ga akwatin fomat. Ɗaki ne na tarayya, in kuka share kun share har da na Windows.

Saura ƙanana. Kafin ku taɓa saitin UEFI, ku rubuta mabuɗin BitLocker, makullin da Windows ke kulle diski da shi, a takarda, lamba 48 ce, ba a haddace ta. Ku kashe saurin tashin nan, wato Fast Startup, da ya zo tun Windows 8, don yana barin diski a rabin barci, Linux ya ƙi rubutu a kansa. Idan kun gama Windows bai fito a jeri ba, kada hankalinku ya tashi: tun GRUB 2.06 na 2021 aka daina neman sauran tsare-tsare kai tsaye. A /etc/default/grub za ku sa GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, sannan ku sabunta jerin da update-grub idan Ubuntu ne.

A fayil ɗin nan ne kuma na taɓa mai da lokacin jiran jerin GRUB sifili, wai don ta riƙa tashi da sauri. Ranar da nake buƙatar Windows da gaggawa, na yi ta dukan madannai kamar mai kiɗa, jerin ya ƙi fitowa. Yanzu daƙiƙa 5 na bar masa, filashin da na yi girkin da shi kuma yana cikin jakar kwamfutar, ban goge shi ba.