Ledar maganin Baba

Shekaruna na farko a sashen gashin ƙashi na asibiti, hankalina duk yana kan hannu da ƙafa. In aka kawo mai shanyewar ɓarin jiki, burina in ga ya bar keke ya taka da sanda. Akwai wani dattijo da muka yi wata huɗu tare, har ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa. Bayan babbar sallah sai ga 'ya'yansa sun kawo shi ranga-ranga, wannan karon har magana ta ɗauke. Na ce wa babban ɗan, "Yaya, maganin hawan jinin fa?" Ya ce ai tunda Baba ya samu sauƙi suka daina saya.

Abin ya tsaya mini a rai, domin a wata huɗun nan ko sau ɗaya ban tambaya ba.

Wannan ya sa na koma karatu, na ci karo da wani bincike kan maganin hawan jini mai suna PROGRESS, na 2001. Mutum 6,105 ne a ciki, dukkansu sun taɓa samun shanyewar jiki ko ƙaramin harinta. Magani ya sauke jininsu da kusan 9 a lambar sama ta awon jini da 4 a ta ƙasa kawai, amma dawowar ciwon ta ragu da kashi 28 cikin ɗari. Waɗanda aka haɗa wa magunguna biyu kuwa, perindopril da indapamide, kashi 43. Abin da ya fi girgiza ni, har waɗanda jininsu bai kai matakin hawa ba sun amfana. Ashe 'yar saukar da muke rainawa ita ke tsare jijiyoyin ƙwaƙwalwa daga fashewa ko toshewa.

Yanzu ba na fara gashi sai na auna jini, muna neman ƙasa da 130/80. Sannan in ce a miƙo ledar magani in ƙirga ƙwayoyin da idona, don baki yakan ce ana sha alhali katin a cike yake. Galibi akwai dalili: maganin hawan jini irin amlodipine ya kumbura ƙafa, irin lisinopril ya kawo busasshen tari, ko kuɗi sun yanke. Duk waɗannan likita zai iya gyarawa in an faɗa masa, sai in mayar da su wurinsa a ranar.

Maganar gishiri kuma da mai girki nake yi, ba da maigida ba. Ƙasa da giram 5 a yini Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafi. Nan ne aka fi jan daga da ni.

Baba yana nan, ana kawo shi duk Talata. Jikarsa ce ke riƙe da ledar yanzu.