Zafin nama daban, cin fuska daban

Ƙannena masu shirin zuwa Legas neman aiki, akwai wata kalmar Turanci da za ku yi ta gani a tallan ɗaukar ma'aikata: "aggressive". Za ku ga kamfani ya rubuta yana neman "aggressive marketers". Irin wannan tallan na bi bayan na gama bautar ƙasa, na samu aiki a wani kamfanin kayan masarufi a Ikeja. Aka ba ni Agege da Mile 12, tunda 'yan kasuwarmu sun yi yawa a can.

Na ɗauka ana so ne in zama kamar kwandastan danfo, wato motar haya ta Legas, murya sama, ido a tsaye, ba ja da baya. Garin ma haka yake koya wa baƙo.

Akwai wani dattijo mai shago a Agege da muke bi kuɗin katan arba'in na taliya. Kwana uku kacal ya ƙara a kan ranar biya. Na shiga da sallamar da ba ta kai zuci ba, yaransa suna tsaye, ga masu saye, na buga takardar bashin a kan teburinsa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, zauna ka sha ruwa tukuna." Na ce, "Alhaji, ba shan ruwa ya kawo ni ba." Bai ƙara magana ba. Ya jawo aljihun tebur, ya ƙirga kuɗin a gaban kowa, ya miƙo mini. Daga ranar bai sake karɓar ko katan ɗaya a hannuna ba, maƙwabtansa biyu ma suka janye.

Shugabata a ofis ce ta zaunar da ni, ta ce abin da take so in zama shi ne "assertive". A ranar na san kalmomin biyu ba ɗaya ba ne.

Tushen "aggressive" a Latin shi ne tunkarar abu da kai masa hari. Idan an jingina ta ga tsarin kasuwanci ko wasan ɗan ƙwallo, yabo ne, zafin nama ake nufi. Likitoci ma suna kiran ciwon daji mai saurin yaɗuwa da ita. Amma idan aka rubuta a rahoton aikinka cewa haka kake da kwastomomi, zargi ne: kana da faɗa da cin fuska. Don haka kada ku siffanta kanku da ita a takardar neman aiki, ko da kun gan ta a tallan.

"Assertive" kuwa ita ce mutum ya faɗi haƙƙinsa ƙarara, ya tsaya a kai, ba tare da ya zubar da mutuncin kowa ba. Mu ma mun san wannan tun a gida. Ka gaisa sosai, ka ja mutum gefe, ka ce, "Alhaji, kuɗin nan kaza ne, ranar Alhamis zan dawo, don ni ma ana jira na." Ba ka rage ko kwabo ba, ba ka kuma ɗaga murya ba.

Bayan wata biyu na koma na ba dattijon haƙuri. Ya ce ya yafe tun ranar, ya sa aka kawo mini ruwa, na zauna na sha. Taliyar wani kamfani ce a jere a bayansa.