Injin ƙaramin jirgi: na fara da ƙarfin doki, sikeli ya dawo da ni hanya

Jirgin da na haɗa na katako ne da yadi, mai kujera ɗaya, samfurin Mini-Max wanda Wayne Ison ya zana. An tsara irinsa ne bisa dokar Amurka ta 1982 da ake kira Part 103: kada nauyinsa ba mai ba matuƙi ya kai kilo 115, tanki kada ya wuce lita 19, kuma ya iya ci gaba da shawagi a iska ko da gudunsa ya sauko zuwa kilomita 45 a awa. Dokar tasu ce, amma fiffike da hancin jirgin a kanta aka gina su, don haka inji ma dole ya bi.

Da farko ƙarfin doki kawai nake dubawa a takarda. Injin Rotax 447 doki 40, nauyi kusan kilo 27. Ashe wannan gundarin injin ne tsirara. Da na ɗora giyabos, salansa da kafireto a sikeli, sai ga shi ya doshi kilo 38, ban sa farfela da ƙarafan da za su riƙe shi ba. Duk wannan a can ƙarshen hanci zai zauna, inda kilo ɗaya ke janyo tsakiyar nauyin jirgin gaba. Yanzu ba na yarda da kowace lamba sai na auna komai tare, har da tiyo da wayoyi.

Rotax 912 mai bugu huɗu inji ne na kirki, doki 80, amma ya haura kilo 55. Ban ma tsaya a kansa ba. Rabin injin Volkswagen, wato a yanke mai silinda huɗu a bar biyu, ya ja hankalina saboda ba ya shan mai sosai. Matsalarsa farfela a kan karanshaf take kai tsaye, tana juyi sama da 3,000 a minti, sai an sa gajera. Gajerar farfela kuwa ba ta da ja a wajen tashi. Shi 447 yana juyi 6,500, giyabos mai rage juyi sau 2.58 ya sauke shi zuwa kusan 2,500, sai ya juya farfela mai mita ɗaya da rabi cikin natsuwa. Ba don giyar ba, bakin farfelar zai wuce saurin sauti, ƙara ta yi yawa, ja ya ragu.

Wanda ya fi ba ni wahalar yanke shawara shi ne Hirth F-33: silinda ɗaya, doki 28, kusan kilo 20 da kayansa. A sikeli ya yi daidai. Zafin gari ne ya kayar da shi. Kano tana kan tudu kusan mita 480, kuma idan rana ta kai digiri 40 a watan Afrilu, iska takan yi sako-sako kamar kana mita 1,500. Inji yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300, wato doki 28 ya koma 24. Ka ga kamar ba wani abu ba ne, amma jirgi da rarar ƙarfi yake hawa. In tafiya a miƙe tana cin doki 15, rarar ta faɗo daga 13 zuwa 9, ga fiffike da farfela su ma sun rasa iskar kamawa. Na koma ga 447, na haƙura da sitata da batir, ina tayar da shi da igiya.

An daina ƙera 447, don haka na hannu na saya. Injin mai bugu biyu, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, zaman banza na kashe shi fiye da aiki: boris ɗin karanshaf ya yi tsatsa, sil ya bushe ya riƙa zuƙar iska. Na buɗe shi gaba ɗaya, na canza sil, na toshe kafofinsa na hura masa iska don ganin ko yana yoyo. Awa 300 ake ba shi kafin a sake buɗewa. Haɗin mai 50 da 1 ne, wato mililita 400 a jarka mai lita 20.

Kuskuren da ya ci min fistin nawa ne. Na sa ƙaramin jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi, a kafireto lokacin bazara, ya yi kyau. Da hunturu ya shigo, wata safiya mai sanyi na ɗaure jirgin a ƙasa na ba shi wuta. Iskar sanyi ta fi kauri, man ya yi kaɗan, allurar zafin hayaƙi ta haura digiri 650 ni kuwa ina kallon allurar juyin inji. Injin ya shaƙe ya tsaya cak. Da na cire salansa na haska, gefen fistin ya yi zane-zane, alminiyam ya narke ya manne a jikin silinda.

Tun daga nan jet biyu nake ajiyewa, na bazara da na hunturu. Ina barin injin ya ɗumama kafin in taka shi, ina wanke matatar iska duk bayan tashi idan akwai hazo, kuma ina cire fulogi in duba: launin ƙasa-ƙasa lafiya, in ya yi fari sai in koma babban jet kafin in sake tayarwa.