Tarihin Rayuwata (14): Tsagar bango da littafin Kawu

Makon jiya na ce yau zan shiga shekarun da na yi ina aiki nesa da gida. Ku yi haƙuri, littafin Kawu ya tsaya mini a rai, kuma shekarun nan ba su da abin faɗa sosai.

"Ruwa ba ya tsami banza." Da wannan Kawu yake buɗe baki duk inda aka kira shi duba bangon da ya tsage. Ranar farko ba ya taɓa siminti. Fensir zai ɗauka ya ja layi a kan tsagar da ƙarshenta, ya rubuta kwanan wata a gefe, ya auna faɗinta wuri 3. Bayan mako 2 ya dawo, ya sake dawowa bayan wata guda. Wadda ba ta kai milimita 1 ba kuma ta tsaya inda take, bushewar yaɓe ce, a shafe ta a wuce. Amma in ta zarce alamar, ko ta haura milimita 5 tana bin layin bulo kamar matakala, ga ƙofa ta fara cijewa, to ƙasa ce ke motsi ƙarƙashin gini. Sai a nemo inda ruwa ke kwanciya, ko saiwar bishiyar da ke zuƙe danshin wurin. Wanda ya cike irin wannan da siminti, shaida kawai ya binne.

Haka yake auna rayuwa. Kowane shafi na littafinsa ya raba shi gida huɗu: ranar, abin da ya faru cikin layi 2 ba sharhi, abin da ya ci, sai alamar da ta riga shi zuwa. Gida na uku yana da wuya, don ba kuɗi kaɗai ake sawa ba. Kwana nawa aka rasa, wa ya daina gaishe ka. Na huɗu mutane ke tsallakewa, saboda nan ne laifinka ke fitowa.

A daren yake rubutawa, ba ya bari a kwana. Sai da na girma na gane dalili. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada ƙwaƙwalwarsa a kan kalmomi marasa ma'ana, ya buga sakamakon a 1885: mafi yawan mantuwar tana aukuwa ne cikin sa'o'in farko. Abin da ya rage kuma zuciya takan gyara shi. Kafin shugaban Amurka Nixon ya je China a 1972, wasu masu bincike, Baruch Fischhoff da Ruth Beyth, sun sa ɗalibai su faɗi abin da suke zaton zai faru. Da aka sake tambayarsu bayan tafiyar, da yawa suka tuna kamar da ma sun hango abin da ya auku. Shi ya sa Kawu yake rubuta zatonsa a ƙasan shafi kafin ya shiga harka, don kada gobe ya yi wa kansa ƙarya.

"Da ma na sani" ai maganar Yaya ce. Ita ya faɗa ranar da bangon ɗakin Inna ya zube, bangon da shi Yayan ne ya sa aka liƙe sau biyu, ya ce Kawu tsufa ne ke sa shi wasa da fensir. Na so in bar wannan sai gaba, to ya fito.

Ba mu kaɗai ba ne. Kumbon sararin samaniya na Amurka, Challenger, ya tarwatse ranar 28 ga Janairu 1986, daƙiƙa 73 da tashi, da mutum 7 a ciki. Robar da ke toshe mahaɗar rokar, tun 1981 aka fara ganin wuta na lasarta, kuma injiniyoyi sun yi gargaɗi kan sanyi a daren jajibiri. Da yake an sha tashi ana dawowa lafiya, ido ya saba da alamar. Ruwa ba ya tsami banza, Kawu.

Littattafai 11 ya bari. Bayan rasuwarsa Yaya ya ce tarkace ne, aka ƙone 10 tare da shara. Gwaggo ce ta ɓoye ɗaya ƙarƙashin katifa, ba ta ba ni ba sai da ta ga na yi aure. A shafi na 40 akwai sunana, kuma gida na huɗu bai bar shi fayau ba. Abin da ya rubuta, sai mako mai zuwa, in na iya.