Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daren da Cleveland Ta Rasa Kofi da Maki Ɗaya

A makon jiya na tsaya a inda na samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a birnin Cleveland da ke jihar Ohio, na kuma kama haya a saman benen wani gida da ke gabashin garin. Mai gidan dattijo ne baƙar fatar Amurka, wanda a shekarar 2016 yake da shekara 78 a duniya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma duk sun yi nisa da shi. Tun ranar farko na gaya masa cewa a wajenmu ba a kiran sa'an uba da sunansa, don haka Baba zan riƙa ce masa. Ya karɓa da farin ciki, shi kuma yana ce mini ɗana. A hannunsa na koyi wasan besbol, wanda kafin na bar Zariya ko sunansa ban cika ji ba.

Kowane yammaci na lokacin zafi yakan zauna a barandar gida da ƙaramar rediyonsa yana sauraren wasan ƙungiyar garin, wadda a lokacin ake kira Indians, yanzu kuma Guardians. Da haƙuri ya fahimtar da ni cewa kowace ƙungiya tana da zagaye 9 na bugu, kuma zagaye ba ya ƙarewa sai an fitar da masu bugu 3, sannan maki ba ya samuwa sai mutum ya zagaya tashoshi 3 ya dawo gida. Abin da ya fi riƙe ni shi ne wasan ba shi da agogo. A ƙwallon ƙafa da na tashi da shi, wanda ke kan gaba yana iya ɓata lokaci har alƙali ya hura usur, amma a nan dole ne ka jefa wa abokin hamayyarka ƙwallo har mutum na ƙarshe.

Baba yana da shekara 10 a 1948, lokacin da Cleveland ta doke Boston Braves ta ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun besbol na Amurka, kuma tun daga nan ba ta sake ɗauka ba. Idan yana ba da labarin shekarar, sunan Larry Doby yake fara ambata, baƙar fata na farko da ya buga a rukunin American League, wanda ya shigo ƙungiyar a 1947. Ya ce mahaifinsa, ma'aikacin kamfanin ƙarfe, ya yanke hoton jarida da ke nuna Doby da mai jifa Steve Gromek, farar fata, sun rungumi juna bayan wasa na 4, ya liƙa a bangon ɗaki har takardar ta yi ja saboda tsufa.

A bazarar 2016 abokan aikina suka rasa mutum ɗaya a ƙungiyarsu ta sofbol, suka nemi in cike gurbin. Sofbol ƙanin besbol ne, kuma irin wanda ma'aikata ke bugawa bayan tashi daga aiki ya fi sauƙi ƙwarai. Ƙwallon ya fi girma, mai jifa yana sako shi daga ƙasa a hankali ya yi baka a sama kafin ya sauko, zagayen 7 ne kacal, masu tsaron fili kuma 10 ne maimakon 9, maza da mata a haɗe. Baba ya shiga ɗakin ajiya ya fito mini da tsohuwar safar hannunsa ta fata, ya shafa mata mai, ya cusa ƙwallo a cikinta ya ɗaure da igiya ta kwana, domin ta yi laushi ta kama hannuna. Duk ranar Talata yakan biyo ni filin da kujerarsa mai naɗewa.

A watan Agusta muka kai wasan da zai tantance ko za mu ci gaba a gasar. A zagaye na ƙarshe ana cin mu 11 da 10, an fitar da mutum 2, akwai abokiyar aikinmu a tasha ta uku tana jiran bugun da zai kawo ta gida, sai layi ya zo kaina. Na buga, ƙwallon ya gangara a ƙasa a hankali zuwa ga mai tsaron tasha ta uku, ya ɗauka ya jefa, ya riga ni isa tashar farko da taku ɗaya. Babu kofi a wannan gasa, babu kuɗi, abokan aikina ma kowa ya dafa kafaɗata yana cewa ba komai, amma nauyin da na ji a ƙirjina na gaske ne, domin mutum 9 sun yi gumi tun watan Mayu kuma a hannuna abin ya mutu. A mota Baba ya ce mini, "Ɗana, sai an fitar da ku sau 21 wasan yake ƙarewa. Kai ne na 21, amma akwai 20 a gabanka."

Wata biyu bayan haka garin gaba ɗaya ya ɗauki zafi. A watan Yuni LeBron James ya jagoranci Cavaliers suka ci kofin ƙwallon kwando, na farko da wata babbar ƙungiyar birnin ta ci tun 1964, sai ga Indians su ma sun kai wasan ƙarshe duk da raunin da ya kwantar da wasu manyan masu jifansu. Abokan karawarsu Chicago Cubs ne, waɗanda rabonsu da kofin tun 1908. Wanda ya fara cin wasa 4 cikin 7 shi ne zakara, kuma Cleveland ta kai 3 da 1, saura ƙiris, sai Cubs suka ci biyu a jere. Komai ya rataya a kan daren Laraba, 2 ga Nuwamba, a filin Progressive Field.

Na yi sallar isha'i na sauko falon Baba. Tun mai bugu na farko na Cubs, Dexter Fowler, ya tsallakar da ƙwallon Corey Kluber, mai jifan Cleveland, bayan katanga, abin da ke ba mai bugu maki kai tsaye, kuma kafin a ankara Cubs na kan gaba da 5 da 1, daga baya 6 da 3. Baba bai ce uffan ba, hannuwansa kawai yake murzawa. A zagaye na 8, bayan an fitar da mutum 2, Brandon Guyer ya kawo wa Cleveland maki ɗaya, sai abokin wasansa Rajai Davis, wanda an fi saninsa da gudu fiye da ƙarfin bugu, ya fuskanci Aroldis Chapman na Cubs, mutumin da jifansa ke wuce mil 100 a awa. Davis ya riƙe sandar can sama da gindinta, ya yi ta kare kansa, sannan ya maka ƙwallon ya haye katangar hagu, shi da Guyer suka dawo gida, aka koma 6 da 6. Dattijon da ke tafiya da sanda ya miƙe tsaye ba tare da ita ba, ya riƙe wuyana yana kuka yana kiran sunan mahaifinsa. Daga tagogin unguwar babu abin da ake ji sai ihu da ƙahon motoci.

Bayan zagaye na 9 ruwan sama ya sauko, aka lulluɓe filin na minti 17. Har yau ina ganin da ba a tsaya ba da labarin ya sauya, domin a lokacin jikin 'yan Cubs ya yi sanyi, kuma hutun ne ya ba su damar tattara hankalinsu. Da aka dawo don ƙarin zagaye na 10 tunda an yi kunnen doki, Ben Zobrist da Miguel Montero suka kawo wa Cubs maki 2. Davis ya sake bugawa ya rage ɗaya, aka koma 8 da 7, yana tsaye a tashar farko, an fitar da mutum 2. Sai ga Michael Martinez ya fito da sanda, ɗan wasan da kocin Cleveland, Terry Francona, ya sako don tsaron fili ba don bugu ba. Ya buga, ƙwallon ya gangara a hankali zuwa tasha ta uku, Kris Bryant na Cubs ya ɗauka yana murmushi ya jefa wa Anthony Rizzo a tashar farko, aka fitar da Martinez, wasa ya ƙare.

Irin buguna ne na watan Agusta sak, kuma a wannan lokaci ban ga 'yan Cubs da ke tsalle a tsakiyar fili ba, hankalina yana kan Martinez da yadda zai koma ɗakin sauya kaya. Washegari a wajen aiki wasu suka fara ambaton sunansa da ɓacin rai, na ce musu an fitar da Cleveland sau 30 a daren, kuma wanda ya taɓa tsayawa da sanda a hannu mutane suna jiransa ba zai ɗora wa na ƙarshe laifin 29 ba.

Baba ya kashe talabijin, muka zauna cikin duhu. Can ya ce, "A 1997 ma haka aka yi mana, a zagaye na 11, da matata muka kalla." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, baɗi na nan tafe." Ya girgiza kai ya ce, "Kai kake da baɗi mai yawa, ɗana." Na rasa amsar da zan ba shi, na tashi na haɗa masa shayi, na zauna har ya shanye.

Ina hawa bene wayata ta yi ƙara, maiɗakina ce daga Zariya, ta idar da sallar asuba. Da jin muryata ta ce, "Maigida, lafiya kuwa?" Na ba ta labarin dattijon da shekara 68 da ya yi yana jira. Ba ta san wasan ba, amma ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in gaishe shi, in kuma tabbata ya ci abinci da safe.

Da yamma na dawo daga aiki na tarar da safar hannun a kan matakalar bene, an shafa mata mai, an ɗaure ƙwallo a cikinta da igiya, domin ta jira watan Mayu. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo labarin zuwan iyalina da hunturun farko da suka tarar a Cleveland.