Ƙotar wuƙa daga tsohuwar taɓaryar Inna

Asabar, bayan sallar isha'i.

Tafin hannuna na dama ya yi bororo biyu, ƙurar ice kuma har cikin hancina, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da na wuni ina yi.

Wuƙar da ta cinye mini ranar ba wata ta a zo a gani ba ce. Bara na saye ta a kasuwar Sabon Gari, wajen masu baza kaya a ƙasa, kuɗinta bai kai na mudun shinkafa biyu ba. Babu sunan kamfani a jikinta. Ruwanta, wato ƙarfen mai kaifi, santimita 11 ne, ƙotar kuma ta baƙar roba. Da ita nake komai a 'yar gonata ta rani da ke bakin Galma: yankan igiya, feƙe turakun tumatir, datse rake, gyara reshen mangwaro in zan yi masa aure. Mako biyu da suka wuce ta zame daga jaka ina kan babur, ta bugi kwalta, robar ta tsage gida biyu. Tun ranar ruwan yake girgiɗi kamar haƙorin yaro mai famfara.

Uwargida ta ce in yar da ita in sayi wata, ai ba tsada. Gaskiyarta, amma ƙarfen ne na kasa rabuwa da shi. Yana ɗaukar kaifi da wuri a kan dutse, in ya ɗauka kuma sai in wuni ina aiki bai dakushe ba. Ruwan tumatir da na lemun tsami sun mai da shi toka-toka, in ya kwana da danshi ya wayi gari da tsatsa. Mutane da yawa suna ganin haka sai su ce wuƙar banza ce, su koma wa mai ƙyalli. Ni kuwa a cikin masu araha na fi yarda da mai tsatsar, don wannan alama ce ta baƙin ƙarfe mai sinadarin kabon, wanda ba ya wahalar wasawa. Ka goge ta ka shafa mata ɗan mai, shi ke nan haƙƙinta.

Da safe hazo ya rufe gari, daga Tudun Wada ko ganuwa ba a hangowa sosai. Na bi ta Ƙofar Doka na shiga birni gaishe da Inna, da niyyar in na fito in biya wajen 'yan katako neman icen da zan yi mata sabuwar ƙota. Zuciyata dai ba ta kwanta da nasu ba, domin yawanci ɗanye ne, ice ɗanye kuwa a hunturun nan kwana kaɗan zai yi ya tsattsage. A da madobiya nake sha'awa saboda launinta, amma an sare ta an kwashe zuwa Sin har ta yi wuyar gani a dazukanmu, tun farkon 2017 ma aka sa ta cikin itatuwan da CITES, yarjejeniyar duniya ta kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Ba na son hannuna a cikin wannan ɓarnar ko da na taƙi ɗaya ne.

Muna zaune a rana muna shan hantsi sai idona ya sauka a kan wata karyayyar taɓarya, jingine a bayan madafi cikin itacen girki.

"Inna, waccan taɓaryar fa, akwai mai amfani da ita?"

"Wacce? Karyayyar? Ai murhu take jira. Tun ina goyon autana nake daka da ita, sai bara yaran nan suka karya mini. Me za ka yi da ita kuma?"

Na gaya mata. Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Ƙirya ce fa, za ta ba ka wuya. Ɗauka, Allah Ya yi albarka."

Da na ɗaga sai na ji nauyinta kamar ba ice ba. Ƙirya ke nan: da ita ake turmi da taɓarya, gara ba ta cika samun ta cin ta ba, gawayinta kuma shi maƙera suka fi so saboda zafin wutarsa. Wannan ta yi shekara fiye da 30 tana bushewa a hannun Inna. Ƙugunta, inda ake riƙewa, ya yi sulɓi yana sheƙi, ba da wani mai ba sai gumi da yawan daka. Babu ɗan katakon da zai iya sayar mini da irin wannan.

Daga nan na wuce maƙera, wajen wani dattijo da yake yi mini fartanya da lauje. Bayan mun gaisa na miƙa masa wuƙar. Bai taɓa ta ba sai da ya dube ni.

"Malam, ta aikin mene ne?"

"Ta gona ce, Baba. A jaka take kwana, ba na yawo da ita a gari."

Ya ce ya san ni, tambaya ce kawai ta zame masa jiki. Tun da ƙwacen waya ya yi yawa ya daina yi wa yaron da bai san ubansa ba wuƙa, ko nawa zai biya. Na ji maganar nan har cikin raina, don sana'arsa ce yake rage wa kansa.

Ya sa awartaki ya ɓare robar. A nan asirin arahar ya fito: wutsiyar ƙarfen da ke shiga cikin ƙota ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, siririya, sauran ƙotar duk holoƙo ne. Ya ɗan goga wutsiyar a dutsen inji, tartsatsi ya tashi yana rassa kamar kan dawa. Ya gyaɗa kai ya ce, "An ba ta ruwa mai kyau. A ƙota suka ci riba."

Na ciro waya na nuna masa hoton wuƙar Mora, wadda ake ƙerawa a wani gari mai wannan suna a Suwidin tun 1891. Wadda aka fi sani tana da ƙotar wani farin icen ƙasarsu da ake shafa wa jan fenti, da zoben ƙarfe a wuya, kuma har gobe tana cikin masu araha a wurin masu shiga daji a can. Suna ma sayar da ruwan zalla, ba ƙota, don wanda yake son ya sassaƙa tasa. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe su ma haka suke yi. Wannan ai ita ce ta mahauta da ubana yake ƙerawa." Sai hira ta kai mu ga Okapi mai zobe, ta naɗewa, wadda iyayenmu suke sawa a aljihu. Ya ce a zamaninsu ta Jamus ce. Haka ne, daga baya ne, a 1988, aikinta ya koma Afirka ta Kudu.

Hanyar da ya gada ita ce a gasa wutsiya ta yi ja, a cusa ta cikin ice ta ƙona wa kanta gurbi. Abin da nake tsoro shi ne zafin ya gangara cikin ruwan. Na karanta cewa ƙarfe irin wannan in ya kai wajen digiri 300 yakan yi shuɗi, daga nan kuma taurin kaifinsa ya ragu. Baba bai san lambar ba, amma launin ya fi ni saninsa. Ya ce in ka ga ruwan zuma, ka yi hattara. In ka ga shuɗi, ka riga ka yi asara. Don haka bai kai wuƙata kusa da wuta ba sam. Wani guntun rodi ya ɗauka ya buga shi daidai siffar wutsiyar, ya ce da wannan za mu ƙona ramin.

Muka yanka taƙi ɗaya daga taɓaryar. Zarton har kuka yake yi. Aka fara huda da siririyar ƙusa mai zafi, sannan rodin, sau uku, hayaƙi yana tashi da wani ƙamshi mai kauri. Da muka gwada, wutsiyar ta shiga saura kaɗan. Baba ya juya yana sallamar wani mai garma, ni kuma na ga abin kaɗan ne, na ɗora katako a kan ƙotar na ba ta guduma sau biyu. A na biyun na ji ƙas. Ta rabe tun daga baki har tsakiya.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don aikin ba, don icen. Abin da ya jure shekara 30 a turmi na lalata shi cikin minti ɗaya. Baba ya ɗauka ya duba, bai yi mini faɗa ba. Ya ce ƙirya ba ta sassauci, ice mai laushi yakan matsa wa ƙarfe wuri, ita kuwa sai dai ta tsage. Kuma zobe ake fara sawa kafin a nufi baki da komai.

A karo na biyu daga ƙugun muka yanka, wurin hannun Inna. Ya datso guntun bututun tsohon keke, faɗin ɗan yatsa, ya sassaƙe bakin icen da 'yar gizago har zoben ya zauna daram, sannan aka koma ƙona rami. Sau biyar wannan karon, ana yi ana ƙwaƙule gawayin ciki da waya, don gam ba ya kama toka. Wutsiyar ta shige da turin hannu kawai. Ya yi mata 'yan tsage uku da magagari a kowane gefe domin gam ya sami abin riƙo. Da na tambayi kuɗin aiki ya ce in ba yaron zuga-zugi abin da ya sawwaƙa.

Bayan azahar na shimfiɗa buhu a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ɗana na biyu ya zo ya tsuguna, shi ne mai riƙe mini. Na naɗe ruwan da kwali na ɗaure tam kafin komai.

Nan ne aikin da na fi jin daɗinsa, nan ne kuma bororon ya fito. Na auna faɗin tafina na ƙara yatsa ɗaya, ya ba ni santimita 11, daidai da ruwan. Ban bar ta a mulmule kamar yadda taɓarya take ba. Ƙota mulmulalliya tana juyawa a hannu in an jiƙe, kuma ba ta gaya maka inda kaifi ya fuskanta. Na shafe gefe biyu ta koma siffar ƙwai, na bar mata ɗan ciki a tsakiya inda tafi yake rufewa, na rage wajen ƙaramin yatsa, na bar ƙarshen da ɗan kauri don kada ta suɓuce in ina fizgar igiya. In goga kaɗan, in damƙa, in rufe ido in ji inda take tokare ni, in sake gogawa. Kamfani yana zuba roba ɗaya ne don hannun mutum dubu. Wannan hannu ɗaya ta sani.

"Baba, me ya sa ba ka goge nan ba?"

Gadon bayan ƙotar yake nufi, inda na bar wani siririn layi ban kai masa magagari ba. Na ce masa nan ne hannun kakarsa ya goge, ba ni da samfefar da za ta yi irin wannan sulɓin. Ya sa yatsa ya shafa, ya ce tuwon da muke ci a gidan Inna da wannan aka daka? Na ce da ita, har wanda na ci ina kamarsa.

Sauran jikin na bi shi da samfefa mai lamba 80, sannan 120, sannan 220. Ta 400 sai gam ya bushe. La'asar ta same mu a nan.

Da magariba ta gabato na wanke wutsiyar da ɗan fetur don maiƙo ya fita, na matso Araldite, gam ɗin nan mai bututu biyu, daga kowane bututu daidai wa daida a kan murfin gwangwani, na gauraya da tsinke. Mai jinkirin kamawa na saya, wanda yake son kwana guda, don na fi natsuwa da shi a kan na minti biyar. Na ɗura a ramin har ya cika, na tura wutsiyar a hankali, abin da ya tumbatso na share da tsumma. Na daidaita kaifin da cikin ƙotar, na duba ta tsini sau uku, sannan na ɗaure da robar tayar keke.

Ban iya haƙurin jiran launinta ba, sai na ɗauko guntun da na fasa na murza masa man kaɗanya. Man gyaɗa ba na so, yana yin ɗoyi in ya daɗe. Icen ya sha man nan take, ya fito ja mai duhu kamar goron da aka tauna, da siraran jijiyoyi baƙaƙe. Uwargida ta karɓa ta juya shi a hasken fitila, ta ce in ajiye mata, za ta sa a yi mata maɓallin jaka da shi.

Yanzu wuƙar tana tsaye a cikin gwangwanin yashi a saman kwaba, inda yara ba za su kai ba. Gobe in Allah Ya kai mu ba zan taɓa ta ba sai bayan la'asar. Litinin zan kai ta wajen dukawa a ɗinka mata kube, don na ledar da ta zo da shi ya yi mata kaɗan yanzu. Na auna abin da ya rage na taɓaryar, zai fitar da ƙota ɗaya. Ɗazu a madafin Inna na ga wuƙar da take yanka kuɓewa, wuta ta narkar da rabin robarta, ta naɗe wurin da tsumma. Ranar Juma'a in na je gaisuwa zan taho da ita.