Talata: Abuja na ganinmu, mu ba ma ganinsu

Da hantsi aka kira ni wani ofishi a unguwar Gawon Nama, Sakkwato. Sun sayo na'urar taron bidiyo ta ɗaki, mai aiki da H.323, wani tsarin kiran bidiyo tsakanin na'urori, kuma suna da zama da mutanensu na Abuja bayan La'asar. In su suka kira, kira na tafiya. In Abuja ta kira, shiru.

Na'urar na zaune a 192.168.1.50, adireshin cikin gida wanda ba ya yawo a intanet. Rauta, na'urar da ke haɗa ofis da intanet, tana ara wa mutum adireshin waje ne in shi ya fara fita. Baƙon da ya yi sallama daga waje kuwa, ba ta san ɗakin wa za ta kai shi ba. Shi ya sa Zoom ba ya ba su ciwon kai, kowa fita yake yi zuwa sabar. Wannan na'urar kuwa sai an ɗaura mata adireshin waje nata ita kaɗai, na dindindin.

Na fara duba layinsu. Da na ga adireshi mai farawa da 100.64, da na tattara kayana, don hakan na nufin kamfanin intanet ɗin ma bayan NAT ya ajiye su, wato adireshin waje ɗaya suke rabawa da wasu. Alhamdulillahi, suna da adireshi na gaske da ba kowa a kai. Rautar Cisco ce, layi ɗaya na umarnin ip nat inside source static ya haɗa na ciki da na waje.

Abuja ta kira, ya shiga, allo baƙi ƙirin.

"Malam, mi ke nan? Sun ce suna ganinmu," in ji Alhaji, yana fifita da fayil.

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma."

Halin H.323 ke nan. A cikin saƙon kiran na'urar takan rubuta inda za a aiko mata hoto da murya, ita kuma adireshin gida ta sani. Abuja na ta turo hoto inda ba hanya. Rauta na da dabarar gyara wannan da kanta, amma ban cika yarda da ita ba. Na kashe dabarar, na rubuta adireshin wajen a saitin na'urar. A rauta na buɗe TCP 1720, ƙofar da kira ke shigowa, da tashoshin UDP na hoto, ga adireshin Abuja kawai. In an bar wa duniya, masu lalube za su yi ta buga kiran banza tsakar dare.

Fuskoki suka fito. Ina buga write memory, umarnin adana saiti, aka ɗauke wuta, rauta ta mutu kafin janareto ya tashi. Batirin UPS ɗinsu, mai riƙe wuta in an ɗauke, ya kumbura saboda zafin ɗakin. Na rubuta wa Alhaji batun batirin a takarda, ya ce a bari sai an biya albashi.